Tarin Gamzaki

Ran da suka kawo ta Apapa
ruwa ake zubawa tun asuba.
Jiragen ja tara suka tallabo ta ta bakin teku
kamar jikoki sun riƙo kaka za su asibiti.
Danfo suka yi cirko-cirko a kan gada,
kwandasta ya manta da canjin mutane.

Gamzaki ke nan, uwar garken kumbuna,
shekara arba'in da ɗaya tana gaba, ƙananan na bin ƙafarta.
Na zaci haske zan gani.
Tabo na gani, da faci bisa faci.
Sama ba ta taɓa sa mata tsatsa ba,
iskar gishirin Ikko ta sa mata cikin mako biyu.

Injiniya Morenike ta miƙo takarda, shafi ɗari uku.
A cire injin, a sake fata,
a zare tsofaffin wayoyi kamar ana gyaran kayan ciki,
a dasa mata ƙwaƙwalwar da ba ta barci.
Ni dai walda na iya.
Inda aka ja jan alli, nan nake yanka.

Wata biyar muna cikin cikinta.
Zufa, hayaƙi, shayin Mudi da burodin Agege,
salla a inuwar fiffikenta na hagu.
Kowace yamma motocin Owode Onirin
su kwashe abin da ya ga taurari
su auna shi a sikeli, kilo kaza, naira kaza.

A bayan tankin ruwa na same shi:
ɗinkin walda, kamu uku, ya ɗan karkata hagu
yadda rubutun Baba yake karkata.
Ba sai an gaya mini ba.
Hannun nan ne ya koya mini riƙe wuta
kafin wutar ta cinye idanunsa.
Jan alli ya ratsa ta kansa.
Na daɗe a tsugune.
Sannan na sauke gilashi, na yanka.
Guntu ɗaya, faɗin tafin hannu, ya faɗa aljihuna.

Ranar gwaji aka kunna sabon injin.
Shiru. Ko ƙudan zuma ya fi shi ƙara.
Aka yi tafi.
Kyaftin Lantana kaɗai ba ta tafa ba,
ta manna kunne a bango, furfura na gogar sabon fenti.
Ta ce, ina tarin?
Da shi muke barci a can,
kaf, kaf, sai ta huta, sai kaf.
In ya ɗauke ne muke tashi a guje.
Morenike ta ce, ranki ya daɗe, ai lahani ne,
wani ƙarfe ne ya saki, mun magance shi.
Kyaftin ta ce to.
Irin to ɗin da ake faɗi a gidan makoki.

Daren nan na koma, ni da tocila da sifana.
Bayan sabon tanki na rataye guntun Baba,
noti ɗaya,
na murɗa, na murɗa,
na bar masa rabin juyi.

Alhamis ta tashi.
Ruwan tafki ya dare, kwalekwalen Makoko suka yi rawa,
ta huda gajimare, ƙananan na jiranta a sama.
Daga ƙasa ba a jin komai sai rugugi.

Awa uku na yi a cunkoso kafin gida.
Baba na ƙofar ɗaki, fuska a sama, ido a rufe.
Ya ce, Jatau, ta tashi?
Na ce ta tashi.
Ya ce, ɗinkina fa?
Na cire takalmi, na zauna kusa da shi.
Na ce, yana can, Baba. Yana tari.