Faifan Inna Tabawa

Shagona taku huɗu ne a Kasuwar Barci,
tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da caja.
Nan Nafi'u ya same ni ran Talata,
ya ajiye kati kamar farcen ɗan yatsa a kan tebur.
Sunan 'yarsa ne, in ji shi, na bara,
da kyamarar haya aka ɗauka,
irin wadda ke ƙirga gashin gira.

"Inna ba ta taɓa waya mai shafawa.
Na'urar faifai gare ta a Rigasa, da talabijin mai ƙeya,
tun Baba yana karɓar albashi a masaƙar Kakuri.
Mayar mini da shi abin da za ta kunna da hannunta."

Na buɗe. Giga talatin da biyu.
Faifai kuwa huɗu da 'yan kai yake ci,
ko ka kwana kana yi masa magiya.
Randa ce za a juye a moɗa.

Ga Malam Ubaidu a kan tabarma,
ana miƙa masa jaririya cikin farin zane.
Ina ganin kowane zare na hularsa,
ina ganin ƙudan da ya sauka kan goro ya wanke hannu,
da tabo a babban yatsansa na dama
inda injin saƙa ya taɓa cizonsa.
Wata biyar bayan nan aka kai shi makwanci.
Ban san shi ba,
amma na kusanci fuskarsa fiye da maƙwabtansa.

Layi dubu da tamanin ne hoton.
Ɗari biyar da saba'in da shida faifai ya yarda da su.
Sauran fa? Kwamfuta ba ta tambaya,
ni ne mai zubarwa.

Hoton mai faɗi ne, talabijin ɗin Inna kusan murabba'i.
In na matse, kowa ya zama dogo kamar turken wuta.
In na yanke gefe, a gefen hagu akwai hannu,
hannu kawai, da awarwaro biyu,
yana tura kwanon masa kusa da gwiwar Malam.
Na bar hannun.
Na sa baƙin layi sama da ƙasa, hoton ya ƙanƙance.

Yana kashi tamanin da ɗaya aka ɗauke wuta.
Faifai ɗaya ya tafi kwandon shara.
Na ja waya daga janaretan Sagir mai rediyo,
na sake daga farko, har aka kira la'asar.

Da ya fito na gwada a tsohuwar na'urata.
Aikin hula ya narke, ya koma launi kawai.
Ƙuda ya ɓace. Tabo ya ɓace.
In Malam ya juya da sauri
gemunsa sai ya farfashe gida-gida kafin ya haɗu.
Dariyarsa ce ta tsallake lafiya,
ita ba ta da nauyi.

Na rubuta suna da alƙalami mai kauri,
na ce wa Nafi'u ya yi haƙuri, iyakar cikin faifai ke nan.
Na rage masa ɗari biyar.

Ran Asabar sai ga shi, ba da ƙorafi ba,
kwafi biyu yake so, na Kawo da na Zariya.
Ya ce Inna ta kalla sau shida.
Ta jawo kujera har gaban gilashi,
da aka zo wurin miƙa jaririya
ta ɗora yatsa a kan hannun Malam
ta ce, "Kun ga tabon nan? Ranar Laraba ce ya same shi,
ni na ɗaure masa da gefen zanena."

Nafi'u ya ce ya matsa ya duba.

Na ce, "Ka gani?"

Ya girgiza kai, ya ciro kuɗi.
Na zaro sabon faifai daga leda,
na hure shi, na sa.