Takardar Illo

Illo ya sauka daga Damagaram da takarda a aljihu,
ninki huɗu, gumi ya cinye gefenta.
Wurare bakwai ya jera, ya ce sai ya gan su duka
kafin motar Lahadi ta tashi daga Kawo.
Na ce, baƙo, a tsakiyar damina ka zo,
nan hadari ke yanke shawara, ba takarda ba.

Muka fara da kogi, don shi ne mai gari.
Ya cika ya batse, ja wur kamar kunun kanwa,
yana jan rassan itace da silifa wari guda.
"To ina kaddunan?" in ji Illo.
Na ce sun bar mana suna sun ja jiki,
kamar mai kuɗin unguwa da ya koma Abuja.
A Gamji ya hau tsohuwar gadar ƙarfe,
ya riƙe ta hannu bibbiyu
yana dariya irin ta mai jin tsoro.

Panteka ba ta cikin takardar, amma na ja shi.
Guduma na amsa wa guduma,
gwangwanin lemo ya shiga wuta ya fito tukunya.
Jatau maƙeri ya miƙa masa ludayi da sauran ɗumi,
ya ce, riƙe, ba a barin nan hannu rabbana.

Asabar muka ɗauki hanyar kudu.
A Kajuru, gidan dutsen nan na kan tsauni,
mai gadi ya ce sai wanda ya sanar tun jiya.
Muka tsaya a ƙasa muka ɗaga kai,
muka ci gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa,
Illo ya ja layi a takarda, ya ce gani dai ai an gani.

Daga nan ya yi shiru.
Kore a dama, kore a hagu,
kore har kan duwatsun da ba su da ƙasar kirki.
A Kachia ƙamshin citta ya shigo ta tagar mota,
bai ce uffan ba, sai goshi da ya manna a gilashi.

Matsirga, kunne ke riga ido isa.
Tun daga gonakin Madakiya muke jin gurnaninta,
sai ga ruwa yana zubowa daga bakin dutse,
fari tas, ba ya hutu, ba wanda ke awonsa.
Feshinsa ya jiƙa mana gira.
Illo ya ce, a unguwarmu garwa biyu
sai ka yi ciniki da mai kura.
Ya sake cewa, garwa biyu.

Nan sama ta tsage.
Na ruga rumfar wata mata, Zigwai sunanta,
ta matsar da buhu, ta zuba mini gwaten acca,
ta ce, kira ɗan'uwanka mana, zazzaɓi ba ya sanin baƙo.
Na kira. Bai zo ba.
Ya tuɓe hula, ya buɗe tafuka,
ya tsaya a fili kamar shukar da aka dasa yau.
Zigwai ta dube shi, ta ƙara itace a murhu,
ta ajiye masa nasa kwanon a rufe.

Nok ba mu je ba. Kufena ma sai wani jiƙon.

Lahadi a Kawo ya shiga mota yana atishawa,
ƙullin citta a cinya, ludayi a jaka,
da gorar roba cike da ruwan Matsirga
wai zai kai wa tsohuwarsa ta gani.
Takardar kuwa a kujerata ya manta ta.
Na shanya ta a kan murfin tukunya,
tawada ta zube, layuka sun haɗe,
kalma ɗaya ta tsira daga can sama:
kogi.