Darasi a Gaɓar Zambezi

Malama Mutinta ta rufe aji da hantsi,
ta ce yau alli ya huta.
Muka bi ta, mu ashirin da uku, takalma a hannu,
har inda Zambezi ke faɗawa rami,
ruwa na hayaƙi ba wuta,
rurinsa ya hana ka jin na kusa da kai.

"Ku ba rana baya!"
Muka juya. Sai ga bakan gizo
ya kafa ƙafa ɗaya cikin kwazazzabo.

Chipego ya ce kakarsa ta hana nuna shi da yatsa.
Malama ta ce, "To, nuna da haɓa."

Ta tara hannu, ɗigo guda ya sauka a tafinta.
"Kun ga wannan? Ɗaki ne.
Haske kan yi sallama fari fat, kamar baƙo ɗaya,
ya karkace a bakin ƙofa,
ya bugi bangon ƙurya, ya juyo,
ya sake karkacewa wajen fita.
Ashe ayari ne.
Ja mai taurin kai, da ƙyar yake rusunawa,
ga shi can a sama.
Shunayya sarkin ladabi tana ƙasa.
Sauran na tsakani, kowa da irin gaisuwarsa."

Luyando ta ruga za ta taɓa,
ya ja baya daidai takunta.
Ta dawo tana haki, ta ce rowa gare shi.
"Ba shi da mazauni," in ji Malama.
"Rana da ruwa da idonki suka haɗu suka yi shi.
Wanda kike gani naki ne.
Na Miyanda daban,
ko da kafaɗarki na gugar tata."

Ni dai ban tanka ba.
Na rufe idon dama, na buɗe, na rufe na hagu,
ko zan kama shi yana sauya wuri.

Shekara talatin ke nan.
Yanzu tabarau nake yankawa a wani ɗan shago a Maramba,
Malama kuwa ƙasa ta rufe mata ido.
Daren jiya wata ya cika,
na saɓa 'yata Nchimunya muka je gaɓar.
Baka ya fito, fari-fari kamar numfashi.
Ta ce, "Baba, ina launukan?"
Na ce suna nan, hasken ne bai ishi idonmu ba.
Ta yi shiru, feshi na sauka a gashinta,
can ta ce, "Wannan ɗin nawa ne ko naka?"