Tef Ba Ya Ƙarya

Shekara ashirin da biyu ina auna mutanen Aboabo,
kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu.
Na san wanda ya samu da wanda ya rasa
tun kafin ya buɗe baki.
Ƙugun kaina kaɗai nake tsallakewa,
sai in ƙara yadi, in ce yayi ne.

Ranar da na sunkuya ɗaukar allura
na taso ina haki kamar ɗan dako a Kejetia,
Fulera ba ta ce komai ba.
Ta zare tef daga wuyana, ta zagaya ni da shi,
hannuwanta suka haɗu da ƙyar.
Arba'in da shida, ta ce, ta rataya mini kayana.

A asibitin Manhyia nas Akosua ta matse mini dantse,
ta dubi lamba, ta dube ni, ta sake matsewa.
Baba, me kake ci?
Abin da kowa ke ci mana.
Koko da ƙosai takwas, sukari cokali huɗu.
Da rana shinkafa da wake, taliya, ƙwai, ganda,
shito har yana iyo.
Da dare tuwo malmala biyu,
sai burkina mai sanyi don ya sauka.
Da na jera su da bakina, ni ma na ji nauyinsu.

Gajeriyar hanya na fara nema, ba zan ɓoye ba.
Wani mai lasifika a bakin tasha
ya sayar mini da shayi a koren kwali, sidi tamanin,
wai kwana bakwai tumbi zai narke kamar man kaɗe a rana.
Kwana uku ina safa da marwa zuwa bayan gida
har mai karɓar kuɗin ƙofa ya fara yi mini ragi.
Tumbi na nan daram. Aljihu ne ya rame.
Nas ta juya kwalin gaba da baya,
ta ce kar in ƙara haɗiyar komai sai ta gani.

To, sai ƙafa.
Bayan asuba, ni da Mumuni mai walda,
daga ƙofar masallaci zuwa shataletalen filin jirgi.
Ranar farko ko gidan mai ban kai ba.
Na zauna a bakin kwata, gwiwa tana zagina,
'yan ƙwallo suka wuce a guje: Alhaji, ƙara wuta!
Mumuni ya miƙo hannu.
Tashi, ya ce, wa ya ce maka tsere ne?

Ƙosai ya koma uku.
Tuwo malmala ɗaya, miyar ayoyo ta fi shi yawa.
Adiza mai abinci ta riƙe ludayi a sama,
ko na yi maka laifi ne, Gariba?
Na ce ki rage mai, ki ƙara ganye.
Ta zuba kamar wadda ake yi wa gori.

Ran sunan ɗan Issifu na faɗi.
Dafa-duka faranti biyu, naman rago, lemo kwalba uku,
na dawo gida ina kauce wa idon Fulera.
Da asuba Mumuni ya ƙwanƙwasa taga kamar kullum.
Bai tambaya ba. Na ɗaura takalmi.

Wata huɗu ke nan.
Ina kaiwa shataletale, in dawo da sauran numfashi,
ina tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba.
Jiya Fulera ta sake zagaya ni: arba'in da uku.
Inci uku kacal, faɗin aljihun yaro,
amma ni na san kuɗin kowane inci.

Da na rufe shago na ɗauko wandona na Juma'a,
na farke ƙugu, na matse, na bi da keke.
Almakashi na hannuna, na dubi rarar yadin,
na daɗe ina dubawa.
Sai na ninke ta ciki, na ɗinke, ban yanke ba.
Na san mai wandon.
Gobe ma Mumuni zai ƙwanƙwasa.