Mai Inji Huɗu

Bene ne da ba a gama ba, can ƙarshen Mamobi,
rodi a tsaitsaye kamar gemun da ya ƙi mataji.
Mai shi na Turai, shekara tara yana cewa baɗi.
Kafin baɗin ta zo mu ne masu saman,
mu huɗu, benci ɗaya, Asabar bayan la'asar.

Baba Gariba ke fara hawa, da hutu biyu a matakala.
Shekara ashirin da shida yana loda akwatunan mutane,
bai taɓa zama kujerar jirgi ba.
Kunnen hagu a filin ya baro shi,
amma da na dama, ido rufe,
zai faɗa maka mai zuwa tun yana ɗigo a gajimare.

Inusa kuwa cikinsa lissafi ne.
Caja da batir yake sayarwa a kasuwar Nima,
amma in ya buɗe baki
ka ce shi kamfani ke tuntuɓa kafin ya yi ciniki.
"Inji huɗu baki huɗu ne, Baba.
Wa zai ciyar da huɗu alhali biyu na kai kaya gida?
Mai ya yi tsada, kujeru ba sa cika.
Ko ni ne da tuni na sallame shi."
Baba bai ce uffan ba,
sai ya gyara zama ya ba shi kunnen hagu.

Azumi ba ta gardama.
Kyamararta ta gwanjo ce, bakinta ya kai damtse,
da hotunan suna da zubin adashi ta haɗa kuɗinta.
Ita da rana kawai take rigima:
tsaya nan, kar ki faɗi tukuna.

Ni ke riƙe da littafi,
ragowar na lissafin ɗana, bangon ya sha mai.
Lamba, lokaci, launin wutsiya.

An ce yau ne zuwansa na ƙarshe.
Ji muka yi a bakin wani direba, shi ma ji ya yi.

Ƙanana suka yi ta sauka, masu farfela,
na Kumasi, na Tamale, mun san su kamar maƙwabta.
Gyaɗar Inusa ta ƙare.
Ƙasa da mu trotro na kiran fasinja,
hayaƙin masu gasa kifi ya hau ya same mu.
Rana ta yi ja, Azumi ta ciji leɓe.

Sai Baba ya ɗaga yatsa.

Ya fito a hankali, ƙafafu a sake,
ciki fari, fukafukai sun ɗan rusuna don nauyi,
kamar dattijon da ya san za a jira shi.
Daidai nan jemagun asibitin soja
suka tashi daga bishiyoyinsu,
dubu kan dubu, ba mai izinin hasumiya,
suka cika tsakaninmu da shi.

Ƙyas, ƙyas, ƙyas.
Goma sha ɗaya ta ɗauka.
Babu ɗaya da jemage bai sa hannu ba,
wani ma ya zauna daram a kan lambar.
"Wata uku ina jira," ta ce, yatsa kan gogewa.
Baba ya riƙe mata hannu,
ya kai fuska dab da gilashin, ya daɗe.
"Wannan za ki wanke min, babba.
Jirgi a sama tsirara, ko'ina ne.
Wannan kuwa kowa ya gani ya san Ankara ya zo."

Inusa na gefe, bai san na gan shi ba,
yana nuna sama yana ƙirgawa a hankali,
ɗaya, biyu, uku,
bai ƙarasa da murya ba.

Ladan ya kira magariba.
Muka sauko da fitilar waya, Baba a tsakiya.
Sai a matakala ta ƙarshe na tuna
ban rubuta komai ba.
Na buɗe shafin, na sa kwanan wata,
na bar layin haka.