Sawun Kaza a Bayan Dutse

An kira ni in wanke goshin gidan Wendlethorpe,
ni Edric Tolliver, masassaƙin dutse.
Yayyafi bai ɗauke ba tun ran Talata.
Gansakuka ta cinye rabin garkuwar da ke bisa ƙofa,
da buroshi da ruwan ɗumi nake tono mutane.

Na fari Garrowby ne, ɗan takobi.
Wai ya tsare wata gada kwana uku shi kaɗai,
sarki ya ce: hau tudu ka busa ƙaho,
iyakar inda aka ji ka, naka ne.
Ya busa har ya yi haɓo.
Ga ƙahon nan, ga gadar mai baka uku,
ga aladen daji da haurensa ɗaya ya guntule,
ƙarƙashinsu taken gida da Latinanci,
wai abin da na riƙe ba na saki.

Jikan jikansa ya saki.
Dare guda a teburin karta,
kurmi ya tafi, gidan niƙa ya bi shi, tafkin agwagi ya bi baya.
Da asuba ya fita ta ƙofar barga
da rigar jikinsa da tsohon kare.

Amos Thackwray ne ya cinye, bafataken ulu,
mutumin da bai da kakan da ya taɓa zare wuƙa.
Ya tafi Landan ya sayo asali da kuɗi hannu,
ya dawo da rago rataye da damin alkama.
Ya hana a kankare ƙahon Garrowby
don baƙo ya zaci jini ɗaya ne.
An ce kayan aro ba ya rufe katara,
nasa dai ya rufe shekara tamanin.

Da maza suka ƙare sai Ottilie ta rage,
ta shiga hannun Kyaftin Fenwright da gida da gonaki,
aka tsaga garkuwa huɗu kamar ɓarin goro
don a samar wa jirgin ruwansa wuri.
Jirgin na nan, filafilansa a cike da iska.
Sukari ya ɗauko daga tsibirai masu nisa.
Na goge dutsen nan lungu da saƙo,
ban ga hannun da ya sari raken ba.

Sai yaƙi.
Lionel da Hugh suka haye Faransa wata guda,
sunansu ne ya dawo, yana bangon coci.
Haraji ya ci rufi, ya ci hotuna, ya ci azurfa.
'Yan makaranta suka zauna shekara talatin,
su suka karya wa aladen haure da ƙwallo.
Yau kamfani ne, otal ne,
garkuwar na jikin tawul da gindin kofin shayi,
mai karɓar baƙi bai san ko ƙahon na waye ba.
Sarki goma, zamani goma.

Ɗazu dutsen ragon ya motsa a hannuna,
na zaro shi in sake masa turmi.
A bayansa, inda ido ba ya kaiwa,
ga zane uku sun haɗu a gindi,
kamar kaza ta taka danyen laka.
Na san shi. Yana ƙotar gudumar ubana.
Na leƙa bayan jirgin, yana nan.
Bayan ƙahon ma, ya dushe, amma yana nan.

Mu ba mu da garkuwa, ba mu da take,
ba mu taɓa kwana a ɗakin sama ba.
Ta ƙofar baya ake biyan mu tun zamanin mai ƙaho.

Na zauna a kan tsani har shayina ya huce.
Sannan na ƙwala wa 'yata Wren kira,
tana ƙasa tana kwaɓa farar ƙasa da yashi.
Na ce ta hauro da ƙaramar kurfi,
akwai sauran wuri a gefen na kakanninta,
kafin mu mai da ragon Thackwray mazauninsa.