Mai Riƙe Tocila

An ɗauke wuta a Aboabo tun la'asar.
Ni ne mai riƙe tocila,
Zuwaira ce mai biro.

Ta karanta a fili: akwati a kan gangare,
nauyinsa kaza, karkatar gangaren kaza,
wane ƙarfi zai hana shi zamewa?
Na ce, dutse. A cusa dutse a bayan taya.
Ta ce, Baba, ba mota ba ce.
Na yi shiru.
Shekara ashirin da shida ina kwance a ƙarƙashin motoci a Suame,
ban taɓa ganin abin da ya tsaya a gangare
don kunyar idon mutane ba.
Ta zana kibiya tana kallon ƙasa,
wata tana kallon sama,
ta uku, 'yar ƙarama, ta kira ta gogayya.
Dutsena ke nan, an sa masa sunan boko.

Da ta zo kan maganaɗisu sai na shiga aljihu.
Na cire shi ne daga lasifikar wata matacciyar tirotiro,
da shi nake farautar noti in ya faɗa cikin yashi.
Ta kifa takarda a kansa,
ta karkaɗe garin ƙarfe daga bakin wandona,
sai ga garin ya jeru layi-layi
kamar kan da ya fito daga hannun makitsiya.
Ta ce, kai biyu iri ɗaya ba sa haɗuwa, ture juna suke yi.
Na ce, na sani, ai ni da kawunki Bawa uwarmu ɗaya.

Tabaran Hajiya, Allah ya jiƙanta, yana cikin gwangwanin allura.
Zuwaira ta kunna kyandir, ta ce in kashe tocila,
ta riƙa matsar da gilashin, gaba, baya, gaba kaɗan,
har harshen wutar ya fito a bango,
kansa a ƙasa.
Ashe haka tsohuwa take kallonmu?
Ta ce, a'a, Baba,
kowa ma a kife duniya ke shiga idonsa,
daga ciki ake miƙar da ita.
Wannan na ajiye shi, sai na kwanta zan juya shi.

Sai tambaya ta tara.
Bayan littafi ya ce huɗu da ɗigo tara.
Ita ta samu dubu huɗu da ɗari tara.
Ta sake, ta sake,
ta fara cizon murfin biro kamar uwarta.

Ban san lissafinsu ba,
amma na tuna ranar da na ɗora sifana goma sha uku
a kan noti rabin inci, motar Amurka,
kusan daidai, kusan,
na murɗa har kan notin ya zama kamar kwabo.
Maigidana Tuffour bai ɗaga murya ba.
Ya ce, goma sha uku na me?
Ya cire kuɗin a ladana.

Na ce, Zuwaira, ɗari biyar ɗin nan, na me?
Ta duba.
Giram.
Ta ja tsaki, ta raba da dubu.

Nan wuta ta dawo.
Unguwa ta ɗauki ihu, firjin Maame Adoma ya yi tari ya tashi,
rediyon wani ya ci gaba daga inda ya tsaya.
Ita ba ta ɗago kai ba, tana kan ta goma.
Ni ma ban kashe tocilar ba.